SHARHI: Jikwoyi da tsadar haya a birnin da gwamnati ta sayar da gidajenta

Jikwoyi, garin da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a Ƙaramar Hukumar Birni ta AMAC, yana cikin wuraren da ƙananan ma'aikatan Abuja ke fakewa idan kuɗin haya ya kore su daga tsakiyar birni. Direbobi da masinjoji da malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa sun yarda su riƙa sammako suna shan cunkoson Nyanya, su sayi ruwa a hannun 'yan garuwa, saboda a nan ne aljihunsu ke iya biyan ɗaki. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, tsadar da suka gudo wa ta biyo su har gida, ta fara tura wasu gaba zuwa Kurudu da Orozo da Karshi.

An saba ɗora laifin a kan masu gidaje da dillalai, kuma lallai suna da nasu kason. Sai dai tushen matsalar ya fi haka zurfi. A Babban Birnin Tarayya kusan babu wata hukuma da aikinta shi ne gina gidaje ta ba mai ƙaramin ƙarfi haya, ta tsara kuɗin hayar, ta kuma riƙe asusun gyaran gidajen. Wanda ba shi da kaya a kasuwa kuwa, ba shi da bakin yanke farashi.

Yadda aka kai ga haka

Tsarin ginin Abuja na 1979 ya yi hasashen birni mai ɗaukar mutum kimanin miliyan 3, kuma a shekarun farko gwamnati ce babbar mai gidaje. Ta gina wa ma'aikata gidaje a Garki da Wuse da Kubwa da Karu, ita kanta Nyanya ta soma ne a matsayin sansanin leburorin da suka gina birnin. Bayan da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disambar 1991, jama'a suka yi ta kwarara fiye da yadda aka tanada.

A 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da alfarmomin ma'aikata kuɗi a cikin albashi, har da na muhalli. Daga 2005, lokacin da Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka sayar da dubban gidajen gwamnati. Hujjar da aka bayar tana da ƙarfi: gidajen sun lalace, gyaransu na cin kuɗi, wasu kuma sun koma hannun waɗanda ba su cancanta ba. Waɗanda suka saya sun tsira, amma ma'aikacin da aka ɗauka bayan nan ya tarar an riga an raba gado. A daidai wannan lokaci aka yi rusau a unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika, waɗanda aka tasa kuma suka bazu garuruwan kewaye. Daga nan cikar wurare irin su Jikwoyi ta ƙara ƙamari.

Gini domin sayarwa kawai

Shirye-shiryen da suka biyo baya duk sun karkata ga mallaka. Hukumar Gidaje ta Tarayya, wato FHA, wadda aka kafa a 1973, gini take yi ta sayar. Shirin rukunin gidaje da aka soma a Abuja a 2000 ya ba kamfanoni manyan filaye, su kuma suka gina wa masu hali. Gidaje 3,112 da Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashinsu a Karsana a Fabrairun 2024 ma na sayarwa ne, da haɗin gwiwar 'yan kasuwa.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna wanda aka bari a baya. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, yana ba da lamuni da ruwan kashi 6 cikin ɗari har tsawon shekara 30. Ko da a ce gidan na naira miliyan 15 ne, biyan kowane wata zai kai kusan naira 90,000. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Idan aka bi ƙa'idar cewa kada muhalli ya ci fiye da kashi 30 cikin ɗari na samu, abin da irin wannan ma'aikaci zai iya biya bai wuce naira 252,000 a shekara ba. Daga ciki kuma ake sa ran ya biya hayar shekara guda a dunƙule, da ladan dillali, da kuɗin rubuta yarjejeniya.

Ba kuɗi ne Abuja ta rasa ba. An fitar da ita daga asusun bai-ɗaya na TSA a 2023, kasafinta na 2025 kuma ya kai kusan naira tiriliyan 1.8. Minista Nyesom Wike ya zuba kuɗi a tituna da gadoji, ya kuma ƙaddamar da ginin gidaje 40 na alƙalai a Katampe a 2024. Wannan ya nuna gwamnati ba ta manta yadda ake gina wa ma'aikaci gida ba, zaɓen wanda za ta gina wa kawai take yi.

Doka da fili

Dokar karɓar gida daga ɗan haya da ake aiki da ita a Abuja ta tanadi wa'adin wata 6 ga mai biyan shekara-shekara, amma ba ta ƙayyade yawan ƙarin da mai gida zai yi ba. Ƙudurin da Sanata Smart Adeyemi ya gabatar a 2022, na taƙaita biyan farko zuwa wata 3 sannan a koma wata-wata, bai zama doka ba. Ko da ya zama, abin da ya faru a Legas ya isa darasi: dokarta ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara guda, amma inda masu nema suka fi ɗakuna yawa, ɗan haya ba ya kai ƙarar wanda yake roƙo.

Ga kuma batun fili. Kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk filayen Abuja ga Gwamnatin Tarayya, don haka ƙananan hukumomi 6 na birnin ba su da ikon raba su. Gidaje da yawa a Jikwoyi na kan filayen da aka saya daga hannun 'yan asalin wurin, ba tare da cikakkiyar takardar mallaka ba. Mai irin wannan gida banki ba ya ba shi lamuni, kuma kullum yana fargabar rusau, saboda haka yakan yi gini mai arha, ya nemi mayar da kuɗinsa cikin gaggawa daga jikin ɗan haya. Su kansu ƙananan hukumomin ba su da ƙarfin cike giɓin, tunda malaman firamare sun shafe sama da wata 3 suna yajin aiki a 2025 a kan sabon albashi.

Darasi daga Ingila

Ingila ma ta sayar da nata. Dokar 1980 ta zamanin Margaret Thatcher ta ba 'yan haya damar sayen gidajen ƙananan hukumomi, aka sayar da kusan miliyan 2, kuma har yau jerin masu jiran gida bai ƙare ba. Amma abin da ya rage ana tafiyar da shi bisa ƙa'ida. Kuɗin haya na shiga keɓantaccen asusu da doka ta hana a karkatar da shi, gwamnatin tsakiya na ƙayyade iyakar ƙarin shekara bisa hauhawar farashi, hukumomin kuma na rubuta tsarin shekara 30 da ke nuna yaushe za a sauya rufi, yaushe za a biya bashi, gida nawa za a ƙara.

Abuja na da abin da ya fi tsada a wannan harka, wato fili, kuma kyauta yake a hannunta. Abin da ya rage shi ne a keɓe filaye a yankin Karu zuwa Karshi domin gidajen haya da doka za ta hana sayarwa, a ware musu kaso tsayayye a kasafin kowace shekara, a ɗaure kuɗin hayar da mafi ƙarancin albashi, a riƙa karɓarsa wata-wata, a kuma wallafa sunayen masu jira domin toshe ƙofar alfarma. Tilas ne dokar Majalisar Tarayya ta kare tsarin, domin hanyar Apo zuwa Karshi, da aka bayar da kwangilarta tun 2011 ta kuma haura shekara 10 ba a gama ba, ta nuna abin da ke samun aikin da ya dogara ga ra'ayin ministan da ke kan kujera.

Masu cewa gwamnati ba ta iya riƙon gida ba suna da tarihi a bayansu. Amma an shafe shekara 20 ana gwada barin komai a hannun kasuwa, kuma sakamakon yana nan a fili: mutanen da ke share ofisoshin Abuja, suke tuƙa motocinta, suke koyar da 'ya'yanta, kowace shekara ƙara nisa suke yi da ita.