Leco, Miyar da Ba Ta Son Injin Markaɗe

Ɗan wana ya shekara 6 yana karatun likita a Jami'ar Debresen ta ƙasar Hangari. Da ya dawo, tsarabata wani ɗan buhun yadi ne cike da jan gari. Na shinshina, na lasa, na ce masa, "Kai, ai garin tattasai ne." Ya ce, "Shi ne, Goggo. Paprika suke ce masa, kuma tukunyarsu ba ta hawa wuta babu shi." Da yamma ya karɓi wuƙa da faranti ya dafa mana abin da mutanen can suke kira leco. Tun daga ranar, duk lokacin da tattasai ya yi araha sai na dafa shi, kuma ina ganin ya kamata ya shiga girkin gidajenmu.

Kayan haɗinsa babu baƙo a ciki: albasa, tattasai, tumatir, mai, gishiri da garin tattasai. Bambancin yana wajen hannu. Mu da mun ga albasa, tattasai da tumatir sai mu aika yaro wajen markaɗe, su dawo ruwa guda, mu soya har mai ya taso. Mutanen Hangari yanka su suke yi, kowanne ya shiga tukunya a lokacinsa, ya fito ana gane shi a cokali.

Ga yadda nake yi. Albasa manya 2 nake yankawa, in zuba a man gyaɗa kan wuta kaɗan. Nan ne haƙuri yake, domin so ake ta yi laushi ta yi sheƙi ba tare da ta yi ja ba, kuma hakan yakan ci minti 10 ko fiye. Sai in sauke tukunyar gaba ɗaya daga wuta kafin in zuba cokali guda na garin tattasai in juya. Yaron nan ya nanata mini wannan har sau uku, kuma gaskiyarsa: garin yana da sukari a cikinsa, in ya haɗu da mai mai zafi sosai nan take yake ƙonewa, miyar ta yi ɗacin da babu abin da zai gyara shi. A cikin mai mai ɗumi kuwa launinsa da ƙamshinsa suke fitowa. Daga nan tattasai kilo 1, an cire 'ya'yan an yanka shi dogo-dogo, ya shiga ya risina. Tumatir rabin kilo ne ƙarshe, bayan na tsoma shi a ruwan zafi na ɓare fatar. Ba na ƙara ruwa ko kaɗan, ruwan jikinsu ya isa. A rufe, minti 25 zuwa 30, an gama.

Su mutanen Hangari da kitsen alade suke fara suyar, sau da yawa su yanka tsiran alade a ciki. Wannan ba namu ba ne, kuma miyar ba ta rasa komai da man gyaɗa ko man shanu. Tattasansu ma fari-fari ne mai ɗan rawaya, ba shi da yaji, don haka nake surka namu ja da koren tattasai. In ana son ta riƙe ciki, a fasa ƙwai 4 a juya a minti na ƙarshe, ko a zuba shinkafa kaɗan ta dahu a ciki. Duka biyun haka ake yi a can.

Na san abin da za a ce: ina nama? Maigidana ma ya tambaya ranar farko. Amma dubi kuɗin kilon nama a yau, sannan dubi yadda muke ɗaukar kayan lambu tamkar 'yan rakiya. Mutanen Hangari masu son nama ne ƙwarai, miyar gulash da duniya ta san su da ita abincin makiyayan shanu ce. Duk da haka suna da girke-girken da kayan lambu ne abincin kansa, irin su fozelek, inda ake dafa wake, kabewa ko dankali a kaurara da fulawa. Na yarda leco ba ta tafiya da tuwo, ba ta da yauƙi kuma ba ta kama loma. Da shinkafa, burodi, doya ko dankalin Jos kuwa, yara har suɗe kwano suke yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne darajar da mutanen Hangari suka ba tattasai. Ba shukar ƙasarsu ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso musu a zamanin da Turkawan Daular Usmaniyya suka mamaye yankin, waɗanda suka kama birnin Buda a 1541. Yau garuruwan Seged da Kaloca da paprika aka san su, kuma a Kaloca har gidan tarihi aka yi masa. A Seged ɗin ne masanin kimiyya Albert Szent-Györgyi ya tace sinadarin bitamin C mai yawa daga tattasai, ya kuma sami kyautar Nobel a 1937. Su a can a kan zare suke shirya shi su rataye a jikin gidaje ya bushe. Mu kuma, da muke noma shi tuli, sau nawa muke ganin an baza shi a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kai? Garin da aka niƙa daga irin wannan ba zai taɓa yin ja da ƙamshin wanda aka kawo mini ba, alhali tattasan namu bai gaza nasu ba.

Haka kuma a ƙarshen lokacin zafinsu, wajen Agusta da Satumba, iyalai sukan dafa leco tukunya-tukunya su ɗura a kwalabe don lokacin sanyi. Duk wanda ya taɓa bi ta Kwanar Gafan da rani, lokacin da tumatirin Kadawa ya cika kasuwa kwando yana ruɓewa don rashin mai saye, ya san muna bukatar wannan dabara.

'Yan'uwana mata, in kayan miya sun sauko bana, ku ware tattasai mai kyau ku shanya a tabarma mai tsabta ku daka garinku da kanku. Sannan ku ba injin markaɗe hutun rana ɗaya, ku ɗauki wuƙa ku gwada leco.