Jahilci ne, ko tuna baya?

A watan Maris na 2021 aka buɗe allurar rigakafin korona a Yamai, da Sinopharm kyautar ƙasar Sin. Manya suka miƙa damtse gaban kamara, talakawa suka noƙe, sai aka dinga cewa jahilci ne. Wane jahilci? A annobar sanƙarau ta 1995, mutum sama da 50,000 aka tsira wa allurar jabu a ƙasar nan. Sun sha layi cikin rana, sun koma gida hankali kwance, ashe kwalbar babu magani a cikinta. A 2017 da 2019 jabun ya sake ɓullowa. Gwamnatin da ta iya hana sallar jam'i a 2020, me ya hana ta bayyana wa ɗan kasuwar Maraɗi wa ke tantance kwalbar kafin allura ta shiga jikinsa?