Yadda Laima Ke Tafiya Cikin Bango

Wannan mako zancenmu a kan bango ne. Tun daga Bilbis har Tsafe da Gusau, mutane sun ɗauka yaɓen siminti shi ne maganin ruwa ga ginin ƙasa. Amma sai a ga bayan 'yan damuna yaɓen ya ɗago, ya faɗo falle-falle, gindin bango kuwa ya rube.

Ga dalili. Laima tana shiga bango ta hanya uku. Akwai ruwan sama da iska ke bugawa. Akwai tururin girki da numfashin masu ɗaki. Wadda ta fi ɓarna ita ce ta ƙasa, gama tubali yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotsar ruwa daga tushe kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Ruwan nan yakan hau da gishirin ƙasa, in ya bushe gishirin ya tsaya yana cin bangon.

A ƙasar Jamus, wani masani Hartwig Künzel ya tsara lissafin tafiyar zafi da laima cikin bango a 1994, a kansa ma'aikatar Fraunhofer ta gina manhajar kwamfuta mai suna WUFI. Ana gaya mata kaurin bango, da irin kayan ginin, da ruwa da rana da iskar gari na shekara guda, sa'a bayan sa'a. Sai ta nuna inda laima ke taruwa, da ko bangon zai bushe kafin wata damuna. Muhimmin abin da take aunawa ke nan, watau fitar ruwa. Siminti yana tsare ruwan sama, lalle, amma wanda ya hau daga tushe ya rasa mafita, ko da hunturu ya zo.

Magina na dā kuwa, da makubar ɗorawa da laso suke shafe, waɗanda ke korar ruwa su bar bango ya sha iska.

Sai dai manhajar ba boka ba ce. In an ba ta awon bulon Turai da damunar Jamus, amsar Jamus za ta bayar. Muna roƙon malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau su auna jar ƙasarmu. Kafin nan, mai gini ya ɗaga tushe da dutse, ya tsawaita indararo, kada ya bar kwata ta kwanta gindin bango.