A Koya Wa Yaranmu Faransanci Da Hausa Ta Wayar Hannu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina game da maganar koyon harshe ta waya, wadda ake ta yi mana a rediyo kwanan nan.

Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan taɓa tireda tsakanin Jibiya da Maraɗi. Karatuna bai wuce firamare ba. Duk wanda ya san wannan hanya ya san da mu da mutanen Ɗan Isa da Madarunfa Hausa ɗaya muke yi, muna auratayya, muna zuwa suna da jana'izar juna. Amma da an zo kan takarda sai harshe ya raba mu. Rasit ɗinsu da takardar asibiti da ta kaya duk da Faransanci ne, namu da Turanci. Sai ka ga dattijo da gemunsa yana riƙe da takardar da ta shafi dukiyarsa, yana neman yaron da zai karanta masa, wani lokaci ma sai ya biya.

To wai yanzu an ce magani ya samu, waya za ta koya wa kowa. Na sa yarona ya gwada manhajar nan Duolingo da samari ke yabo. Abin da muka tarar shi ne da Turanci take koyar da Faransanci, babu Hausa a ciki. Ke nan sai yaro ya ƙoshi da Turanci tukuna, alhali a ƙauyukanmu yaro kan gama aji shida bai iya rubuta wasiƙa da shi ba. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa.

Google kuwa tun 2013 ya sa Hausa cikin fassararsa, kuma ba na raina shi, yakan fid da mutum kunya a ƙaramar magana. Sai dai fassara daban, koyarwa daban, kuma bai san kasuwarmu ba. A Nijar dala tana nufin sefa 5 ne, idan Bamaraɗe ya ce dala ashirin to sefa 100 yake nufi, jikka kuma sefa 1,000. Makaranta su ce lakwal, malaminta mushe, kwastan duwan. Wanda ya dogara da na'ura kaɗai a ciniki irin wannan, ranar da zai yi asara tana nan tafe.

Sannan ga maganar sabis. Masu shirya waɗannan abubuwa a Abuja da Legas suna ɗauka kowa na da intanet dare da rana. Mu ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, sai wajen ƙarshen shekara aka buɗe. Da a ce makarantar yaro a cikin intanet take, da ya yi wata uku a zaune. Ban ma kawo kuɗin data da na cajin waya ba.

Abin da ya sa na ce maganar ta gaggawa ce, abubuwa suna sauyawa a ƙetare. A 2025 gwamnatin Nijar ta fid da kundinta na sake gina ƙasa, ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Mun ji daɗi ƙwarai, amma kada wani ya ruɗe, harshen aiki shi ne na takarda, takardar kuwa ita ce damuwarmu. Ga kuma layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda aka tsara zai ratsa ta Jibiya. Ranar da jirgi ya fara aiki za a nemi akawu da masu awo da tafinta. In yaranmu ba su da harshe biyun nan, daga nesa za a kawo ma'aikata, namu su ƙare a dako. Mun ga yadda garin nan ya mutu da aka rufe iyaka a 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai har zuwa Maris na 2024. Mai ilimin harshe ya sami abin yi a wani wuri, mai ɗaukar buhu ya zauna.

Tun 1996 marigayi Janar Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya. Cibiyar koyar da shi kuwa tana can Badagiri a Jihar Legas, mu da ke iya zuwa Nijar a ƙafa muna jin labari.

Shawarata mai sauƙi ce. Abin da mutanenmu suka riga suka iya a waya shi ne sauraron murya. Tsohuwar da ba ta san bihim ba tana aika saƙon murya ta WhatsApp, almajiri na sauraron karatu daga memori. To malaman harsuna na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi su zauna tare su ɗauki darussa da murya, bayani da Hausa, a fara da ƙirga da kuɗi da sunan kaya da abin da ke rubuce a rasit. Na Faransanci domin namu, na Turanci domin nasu. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a wannan aiki, tun 1973 ta soma gwajin makarantun Hausa da Faransanci a Damagaram. A ba masu cajin waya na tasha su riƙa tura wa mutane a memori kamar yadda suke tura waƙoƙi, gidan rediyon jiha kuma ya riƙa maimaitawa bayan sallar isha'i.

Ina kira ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da shugaban ƙaramar hukumarmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su duba wannan. Mu ƙananan 'yan tireda a shirye muke mu yi karo-karo mu sayi memorin farko, in dai za a samo malaman.

Naka,
Manomi kuma ɗan tireda,
Magama, Jibiya, Jihar Katsina.