Kafin Maigida Ya Ɗauko Babban Akwatin Talabijin

Akwai wani irin maigida da kowace unguwa ta san shi, ko a Agege ne ko a Fagge. Ya je gidan abokinsa ya tarar da akwatin talabijin ya cinye rabin bango, 'yan ƙwallo kamar za su fito su tattake mutum, tun daga ran nan barci ya ƙaurace masa. Ana ba shi kwasar adashi sai ya nufi kanti, ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne. To, filin wannan mako nasa ne.

Sha'awar dai ba sabuwa ba ce. A 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan, a Ibadan, na Kaduna ya biyo baya a 1962, sa'an nan a 1975 Jos ta fara watsa hoto mai launi. A wannan shekara ce kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata, aka yi ta jidar akwatuna masu ƙofar katako da makulli, yaran maƙwabta suna cika tsakar gida da magariba. Amma fa wancan akwati, in ya lalace, mai gyara na bakin kasuwa kan buɗe bayansa ya tashe shi. Na yau kuwa, in gilashinsa ya tsage, kuɗin sabon gilashi yakan kusa kama kuɗin sabon akwati.

Abin da zai fara rikita maigida a kanti shi ne sunaye. Mai kanti zai ce wannan LED ne, wancan QLED, na can kuma OLED, yana faɗa kamar mai kirari. Na farko da na biyu 'yan gida ɗaya ne: akwai fitila a bayan gilashin, ita ke haska hoton, sai dai an ƙara wa QLED wani shimfiɗi da ke fito da launi sosai. OLED ya sha bamban, domin kowane ɗigo na hotonsa shi ke ba da haskensa, in aka zo wurin duhu kuma ya mutu ɗungum. Shi ya sa baƙinsa yake baƙi wuluk, shi ya sa kuma ya fi tsada.

Ga inda mai kanti ba ya son zancen ya kai. Kyan OLED a ɗaki mai duhu yake fitowa. Falon da rana ke kwarara ta taga tun hantsi, QLED mai ƙarfin haske ya fi dacewa da shi. Bayan haka, in aka bar OLED kan tasha guda wuni bayan wuni, tambarin da ke kusurwa yana iya barin tabo wanda ba ya gogewa. Wane ne kuwa ke wuni da akwatin? Uwargida ce da yara, su da tasharsu ta wasan kwaikwayo. Maigida da ya fita tun asuba bai kamata ya yanke shawara shi kaɗai ba.

Sai batun 4K, watau hoto mai ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, fiye da miliyan 8 ke nan, ninki huɗu na wanda ake kira Full HD. Hoton da ake nunawa a kanti an shirya shi ne musamman don ya ja ido. Yawancin tashoshin da ake kamawa a ƙasar nan ba su watsa shirinsu da 4K, saboda haka akwatin miƙa ƙaramin hoto yake yi ya cika gilashi, kuma iyakar girmansa iyakar yadda aibin zai bayyana. Mai son 4K na ainihi sai ya bi ta intanet, a nan kuwa kallon awa guda na iya lashe gigabait 7. A lissafa na wata.

Girma kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Mai inci 65 faɗinsa ya kusa mita ɗaya da rabi, yana kuma son mai kallo ya zauna mita 2 zuwa 3 daga gare shi. A auna bango da igiya kafin a fita.

Babbar magana ita ce wuta. Sunan NEPA ya kau tun 2005, aka kuma miƙa rarraba lantarki ga kamfanoni a 2013, amma ɗaukewa da kawowa suna nan. An tsara wutar gidajenmu kan bolt 230, sai dai wani lokaci takan zo kamar ta fitilar aci-bal-bal, wani lokaci kuma ta dawo da ƙarfin da zai ƙone kayan cikin akwati nan take. Ƙaramin janareta ma ba abin amincewa ba ne, musamman in mai ya kusa ƙarewa yana tari. Don haka kuɗin akwati bai cika ba sai an haɗa da na na'urar daidaita wuta da ta tare bugunta. Da damina kuwa, hadari na tasowa a zare filogi, a zare wayar eriya ko ta faranti, domin tsawa ta nan take shigowa. Takardar garanti galibi ba ta ɗaukar asarar da wuta ko tsawa suka jawo. Maigidan da ya zuba kuɗinsa kaf a kan gilashi, ya ce sauran sai wata mai zuwa, ya sayi doki ne bai tanadi turke ba.

A manyan kasuwanni akwai na gaske, akwai kuma jabu da aka manna wa sunan babban kamfani. A sa a kunna akwatin a gaban mai saye, a shiga wurin saitinsa a ga ko lambar samfurin ta yi daidai da ta jikin kwali da ta bayan akwati. A nuna fari zalla, a nuna baƙi zalla, a duba ko akwai mataccen ɗigo. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar akwatin, a kuma tambayi inda kamfanin yake gyara, kada sai ya lalace a ji cewa sai an kai shi Ikko.

Wajen kai shi gida, a tsaye ake ɗaukarsa cikin kwalinsa, ba a kwantar da shi a ɗora masa kaya. In an isa, a kira gwani ya kafa shi a bango da ƙarfe mai ƙwari, inda hannun yaye ba ya kai wa. Ƙurar hunturu kuma da busasshen ƙyalle mai taushi ake share ta, ba da ruwan omo ba.