Giethoorn Ba Aljanna Ba Ce, Kududdufi Ne

Sau huɗu bidiyon nan ya shigo wayata cikin mako guda. Gidaje masu rufin ciyawa, gadojin katako, kwale-kwale na sulalewa a kan ruwa ba ƙara ba hayaƙi. A sama an rubuta: "Ƙauyen da babu titi, aljannar duniya." A ƙasa kuwa ga jama'a sun yi layi, wannan ya ce Allah ya kai shi, wancan ya ce Turawa dai an ba su tasu tun a nan.

Sana'ata rubuta manhaja ce, don haka na san dalilin da ya sa bidiyon yake bin mu: abin da ke tsayar da yatsa shi ake turo mana, ko da rabin labari ne. To, ga ragowar rabin.

Giethoorn yana lardin Overijssel ne a ƙasar Holan, mutanensa ba su kai dubu 3 ba. Batun babu titi ma tsohuwar unguwar kaɗai ya shafa. Sauran garin na da kwalta, har da filayen ajiye motocin baƙi.

Ruwan da muke ta yabo kuwa ba haka aka tarar da shi ba. Wurin fadama ce mai ruɓaɓɓen tsiro, wanda idan an yanka an shanya yake ci da wuta kamar gawayi. Talakawa suka shafe ɗaruruwan shekaru suna haƙarsa da shebur, cikin sanyi da taɓo, ana kai wa birane. Magudanan da baƙi ke ɗaukar hoto a kai yau, hanyoyin fitar da wannan kaya ne. Duk wanda ya san yadda kududdufi yake samuwa a inda aka ɗebi ƙasar gini, ya riga ya fahimci Giethoorn.

Kuma an yi ganganci. Masu haƙa sun riƙa faɗaɗa ramuka suna tsuke ƙasar da ke tsakaninsu, saboda kowane taku kuɗi ne. Da guguwa da ambaliya suka zo a 1776 da 1825, sai siraran tsibiran suka zaizaye, ramuka suka haɗe suka zama tafkuna. Maƙwabcin ƙauye mai suna Beulake ruwa ya cinye shi ɗungurungum. Tafkin Beulakerwijde da ake wasan jiragen iska a kansa yau, sunan wannan ƙauye yake ɗauke da shi. Wace irin aljanna ce ake yawon shaƙatawa a kan kufan mutane?

Za a ce, to mene ne laifi in mutum ya ga abu mai kyau ya yaba? Ba yabon nake ƙi ba, darasin banza da ake ɗauka nake ƙi. Wanda ya ɗauka kyautar sama ce, sai ya yi tagumi. Alhali kyan wurin aikin kullum ne: a yashe magudana, a yanke ciyawar bakin ruwa a yi rufi da ita, a gyara gada, a lura da tsayin ruwa. Holan na da hukumomin ruwa 21 masu karɓar harajinsu na kansu, ana zaɓen wakilansu duk shekara huɗu, kuma asalin tsarin ya kai ƙarni na 13. A aikinmu ma haka yake: rubuta manhaja wasa ne, riƙe ta shi ne wuya. Sai dai ba wanda ke yin bidiyon mai yashe kwata.

Su kansu mazauna garin ba a tambaye su ba. Tun da fim ɗin Fanfare na Bert Haanstra ya fito a 1958 sunan garin ya fara yawo, intanet ta zo ta ƙarasa. Yanzu baƙi kusan miliyan ke zuwa a shekara, jiragen haya masu batir na cunkushewa a magudana, wasu har cikin lambun mutane suke kutsawa don hoto. Kowane turawa da muka yi, mun ƙara musu kaya.

In bidiyon ya sake zuwa, kalle shi, ka ji daɗi. Amma kafin ka rubuta "aljanna", tambayi kanka: wa ya haƙa, wa ya nutse, wa yake yashewa?