Cikar fili, aljihu wayam

Ƴan kasuwa, maza da mata, ku ji labarin makaɗan Ingila, Pink Floyd. A 1980 da 1981 suka yi rangadin The Wall, wasa 31 a wurare huɗu kacal: Los Anjalas, gefen Niyok, Landan da Dotmun. Kowane dare sai a gina bangon kwali mai tsayin mita 12 a gaban ƴan kallo, a rushe shi. Jama'a ta cika maƙil, amma kuɗin kaya da ma'aikata suka cinye cinikin.

Richard Wright mai piyano kaɗai ya tsira, don tuni sun fidda shi daga haɗin jari, suka ɗauke shi kan albashi. Mu dai ba mu ga laifinsa ba. Ya karɓi haƙƙinsa cif, masu jarin uku suka raba asara.